Darasi: Tatsar Man Bedi Domin Kare Wake

Ƴan'uwa manoma da mata masu sana'a, darasinmu na yau a kan tatsar mai ne.

Duk wanda ya bi fadamar Majiya a ƙasar Buza ya ga layukan bedi, wato dogon yaro. An fara dasa su a shekara ta 1975, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, domin su kare gonaki daga iska. Yau itacen yana ko'ina, daga Madawa har Keita. Amma ƴaƴansa suna zuba ƙasa suna ruɓewa, alhali ƙwari suna cinye mana wake a cikin buhu. Man da ke cikin ƴaƴan nan yana hana ƙwayayen ƙwarin ƙyanƙyashewa.

Ga yadda ake yi. A tsince nunannun ƴaƴa, a wanke, a shanya su a inuwa har su bushe sarai. A sussuka a hankali, a sheƙe ɓawon. A zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna, domin tana da guba. Sannan a daka sauran a turmi har ya zama ƙulli mai danƙo.

Nan ne aikin yake. Ana yayyafa ruwa kaɗan, ana murzawa da hannu, kamar yadda ake yi wa ƙullin gujiya. Ɗalibai sukan tambaye ni: "Malam, ludayi nawa na ruwa?" Babu adadi guda. Ƙwayar da ta bushe ƙwarai tana shan ruwa fiye da mai sauran laima. Ta bana ba ta zama daidai da ta bara. Saboda haka a zuba kaɗan, a murza, a duba. In ƙullin yana warwatsewa, a ƙara ruwa. In ya fara sheƙi yana haɗuwa, a dakata, a matse. In ruwa ya yi yawa, ƙullin ya saki, mai ba zai fito ba. Ni kaina na taɓa ɓata ƙwarya guda saboda gaggawa. Kilo 1 na ƙwaya yakan ba da mililita 100 zuwa 150.

Wannan dabara ta dubawa da gyarawa ita ce manyan masana'antu suke bi. Mu ɗauki misalin man ƙamshi, irin na ganyen itacen turare. Shi ba a matse shi. Ana zuba ganye a babbar tukunya, tururin ruwa ya ratsa shi ya kwashi man. Tururin ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso bisa. Kilo 100 na ganye da ƙyar yake ba da lita 2. In wuta ta yi rauni, mai ya tsaya cikin ganye. In ta yi yawa, an yi asarar makamashi, ƙamshi kuma ya lalace.

Don haka ake sa na'ura mai auna zafi, tana rage tururi ko tana ƙarawa. Wata na'urar ƙa'ida guda aka ba ta, ba ta san ɗanyen ganye da busasshe ba. Wata kuwa tana lura da abin da gyaranta ya haifar, sai ta sake ƙa'idar da kanta in ganye ya sake hali. Ita ce ta fi kusa da hannun gwanar mai.

Mu dawo ga wakenmu. Mililita 2 zuwa 3 sun isa kilo 1 na wake. Wato rubu'in lita ya isa buhu mai kilo 100. A sussuke waken, a tabbata ya bushe, a riƙa zuba man kaɗan kaɗan ana gaurayawa har kowace ƙwaya ta samu. A duba buhun kowane wata. Kafin dafawa a wanke waken da ruwan zafi domin ɗaci ya fita.

Hattara! Man bedi ba na sha ba ne. Yana iya kashe jariri. A rubuta sunansa a jikin kwalba, a ajiye inda hannun yara ba ya kai.