Tumbiɗin Jariri Bayan Shan Madara

Malama mai tambaya, kada ki yi gaggawar sauya wa jaririnki madarar gwangwani. Kusan rabin jarirai suna tumbiɗi, domin bakin tumbinsu bai gama ƙwari ba. Abin yakan tsananta wajen wata 4, ya lafa kafin shekara. Yawancin madarar nan daga nonon saniya ake yin su, don haka sau da yawa sauya gwangwani ba ya gyara komai. Za ki ce ai wasu sun sauya sun dace. Sau da yawa lokacin dainawar ne ya zo. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki sa shi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye minti 20. Amma idan aman kore ne, ko da jini, ko yana feshi, ko yaron yana ramewa, ki kai shi asibiti yau.