Yadda Ake Duba Motar Tsere Mai Turbo Kafin A Biya Kuɗinta

Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Takan yi juyi sama da 100,000 a minti guda cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin mai ne ke raya ta. Saboda haka duk wanda ya hango Golf GTI ko BMW 335i 'yar Kwatano a wurin dillali, kada ƙyallin fenti ya ɗauke masa hankali. Irin kulawar da motar ta samu ita ce abin bincike.

Da takardu ake farawa. Mai saye ya kwafi lambar shasi, wadda ke da haruffa da lambobi 17, ya bincika ta a shafin intanet na Carfax in daga Amurka motar ta fito. Nan ake gano wadda ta yi haɗari ko ambaliya ta ci kafin a yi gwanjonta. Ya kuma nemi rasitan canjin baƙin mai.

Sai ya yi sammako da bakanikensa, ya tarar da motar a inda ta kwana. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ya dafa bonet. In da ɗumi, ya dawo gobe. Da an tayar da ita ya kasa kunne. Golf GTI na wajajen 2009 zuwa 2012 sun yi ƙaurin suna wajen lalacewar abin da ke ɗame sarƙar taimin, kuma ƙaras-ƙaras na daƙiƙun farko ne ke tona shi. In sarƙar ta yi tsalle, sai an sauke inji. Daga nan ya zagaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin ana ƙona baƙin mai, sau da yawa ta turbo yake zurarewa. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuwa, ruwan lagireto ne ke shiga inji.

Bakanike ya cire bututun iska, ya motsa sandar turbon da yatsa. In tana kai-komo ciki da waje, ko fukafukanta na gogar bango, ta gama aiki.

Sannan a jona na'urar gwaji, wadda motocin Amurka ke da mazauninta tun 1996. Za ta nuna ko an goge alamun matsala kwanan nan. A binciki ko an taɓa kwamfutar motar don ƙara mata gudu, domin abin da ya sha fasa fistin a Subaru WRX STI ke nan.

A kan titi, sai inji ya yi zafi a taka totur. Ɗan fito ba laifi ba ne, amma kuka irin na jiniya alamar turbo ce mai mutuwa. In 335i ce ta riƙa shaƙewa, a zargi famfon fetur. A 2010 BMW ta yi wa irinsu kiranye a Amurka a kan haka.

Ya kuma leƙa murfin tanki ya ga ingancin fetur ɗin da motar ke buƙata, don na gidajen mai da yawa bai kai ba. Abu na ƙarshe shi ne gwajin matsin iska a kowace silinda. Dillalin da ya hana a yi shi, a bar masa motarsa.