Yadda Ake Duban Jinjirin Wata

Ranar 29 ga Sha'aban, ana idar da la'asar kawuna yake fara ɗaga kai ya ga ko hazo zai bar mu. Ni ne mai ɗaukar masa buzu, mu hau tudun bayan gari inda babu abin da ya tare yamma. Ka isa kafin rana ta faɗi, ka lura da daidai inda ta nutse, ka yi wa wurin alama da wata giginya. Sai Kawu ya miƙe hannu ya dunƙule, ya ɗora gindin dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa; wajen samansa ake nema. Wannan awo kimanin digiri 10 ne, kuma masanin taurari na Faransa André Danjon ya nuna cewa idan tazarar wata da rana ta gaza kimanin digiri 7, ido ba ya kama shi.

A yi magariba nan kan tudun, a dawo kan duba. Lokacin kaɗan ne, domin jinjirin yana bin rana a baya, shi ma faɗuwa zai yi.

Nan aikin yake. Idan ka zuba ido a sararin da babu komai, idon yakan saki, ya koma kamar mai duban abu kusa, sai watan ya kasance gabanka ba ka gan shi ba. Shi ya sa Kawu ke cewa in fara kafa ido a kan giginyar can nesa, sannan in ɗaga a hankali. Amma babban abin tsoro zuciya ce. Tun daga gida ka taho da siffar watan a ranka, ga ɗokin azumi. Ido ya kawo wa zuciya ɗan sili fari, na gajimare ne ko na hayaƙin jirgi, ita kuwa ba ta son abu gutsure, nan take ta lanƙwasa shi ta ƙarasa masa ƙaho biyu. Wallahi za ka rantse ka gani, kuma ba ƙarya ka yi niyya ba. Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce: haske da launi ido ke karɓa, gane ko mene ne aikin hankali ne, yana gwada abin da ya gani da abin da ya sani.

Malamai kan ba da labarin Anas ɗan Malik a Basra, ya tsufa ƙwarai, ya ce ga watan can, kowa ya duba bai gani ba. Iyas ɗan Mu'awiya ya lura da farin gashin gira da ya lanƙwaso gaban idon Anas, ya shafe shi, ya ce a sake dubawa. Wata ya ɓace.

Don haka duk wanda ya ce ya gani, Kawu ba ya murna tukuna. Sai ya sa shi ya shafa fuska, ya rufe ido, ya juya baya, ya juyo ya sake nemo shi. Ya matsa taku biyar. Abin da ke cikin ido yana bin ido. Gajimare yana sauya kama. Wata kuwa yana nan daram, yana sauka sannu. Sannan ya ja shi gefe ya tambaya: "Ina cikinsa ya fuskanta?" A gefe, don kada na kusa ya ji ya ari amsar. Tumbin jinjiri kullum wajen da rana ta faɗi yake kallo, ƙahonnin suna ba ta baya.

Mutanen da ke wannan aiki ba a biyansu ko sisi. Galibi manoma ne da makiyaya da ladanai, waɗanda idonsu ya saba da nesa. In shaida ta tabbata, a kai wa dagaci, ta bi ta hakimi da sarki har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato.

Yanzu idon Kawu ya yi yana, ko giginyar ba ya rarrabewa. Duk da haka bara sai da muka hau da shi. Na ce na gani, ya kamo hannuna ya ce, "Ɗan nan, shafa girarka tukuna."