Mata Da Aikin Rancen Gidaje: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

Jingina ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu. Tun zamanin kakanni mutum ya kan jinginar da gonarsa, ya karɓi kuɗi gaban shaidu, ran da ya biya ya fanshi abinsa. Rancen gidaje na banki haka yake, sai dai shi da takarda ake yinsa, bankin kuwa yana riƙe takardar filin har a gama biya.

Aikin ya soma a Nijeriya a 1956 da wata ƙungiyar ba da rancen gini, wadda Gwamnati ta mai da Bankin Rancen Gidaje na Tarayya a 1977. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Ma'aikacin Gwamnati, mace ko namiji, yana zuba kashi 2½ cikin 100 na albashinsa kowane wata, in ya cika wata 6 yana zubawa sai ya nemi rance, ya biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba. Wanda ba ya son ruwa kuwa, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya soma aiki a 2012.

To, ina mata cikin wannan sha'ani? Shari'a ta ba mace ikon mallaka. Tana gadon ubanta, tana da tumuni ko rubu'i cikin dukiyar mijinta, abin da ta saya da kuɗin sana'arta nata ne. Amma sau da yawa, a ƙauyuka kamar Malisa, rabonta na gona ko gida yana hannun wa ko ƙane, babu takarda da sunanta. Banki ba ya karɓar shaidar baki. Dokar Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da filin gari sai da yardar Gwamna, na karkara kuwa sai da yardar ƙaramar hukuma. Macen da ba ta da takarda, ƙofa a rufe take gare ta.

Nan ne amfanin ma'aikaciya ya bayyana. Ita ce ke shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, ta zauna da matan aure, ta bayyana musu sharuɗɗa, su tambaye ta ba kunya. Wannan ba sabon abu ba ne. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta naɗa jajoji suna kai ilimi ga mata a ƙauyuka, mutane kuwa suka girmama su saboda saninsu da kamun kansu.

Ƙarfin zuciyar ma'aikaciya daga sani yake fitowa. Wadda ta san doka, ta iya lissafi, ta faɗa wa mai neman rance gaskiyar abin da zai biya kowane wata da abin da zai faru in ya kasa, ba ta rawar murya gaban kowa. Ta cika alkawarin lokaci, ta riƙe asirin mutane. 'Yan mata suna samun irin wannan ilimi kusa da gida, gama an kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta kuwa yana Kalgo. Amma kome saninta, in aka bar ta tsaye a zaure aka ce sai ta zo da namiji, talakawa ba za su saurare ta ba.

Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu abu uku.

1. In ma'aikaciya ta zo da takardar shaidar ofishinta, a karɓe ta kamar yadda ake karɓar kowane ma'aikaci, a haɗa ta da dagaci da masu unguwa.

2. In an raba gado, malami ya rubuta rabon kowace mace da sunanta, da iyakoki, da shaidu, a ba ta kwafi ta riƙe.

3. Kada a sa hannu kan jinginar filin mace sai an ji daga bakinta cewa ta yarda.

Abin da hakimi ya girmama, shi talakawa ke girmamawa. Allah ya taimake mu bisa riƙon amana, amin.