Yadda ake turara hatsi ba tare da ƙwari sun saba da maganin ba

Duk kaka sai ka ji mai wake yana ƙorafin cewa bom ɗin yanzu ba shi da ƙarfi, ya sa ƙwaya biyu a buhu amma waken ya huje. Akwai jabu a kasuwa, ba musu. Sai dai sau da yawa laifin na buhun ne. Ƙwayar Phostoxin, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, nauyinta giram 3 ne, kuma idan ta sha danshin iska tana fitar da giram 1 na iskar guba mai suna fosfin. Iskar ce ke kisa. Buhun saƙa kuwa ba ya riƙe iska, kamar dai ka ɗebi ruwa da rariya.

Ga abin da ke faruwa a cikin irin wannan buhu. Manyan ƙwari suna mutuwa da wuri, mai hatsi ya ga gawarsu ya yi murna. Ƙwai da tsutsar da ta kwanta a cikin ƙwayar hatsi numfashinsu kaɗan ne, gubar ba ta cin su sai ta daɗe a kansu. Kafin nan ta tsiyaye. Waɗanda suka tsira su ne masu taurin rai, su ne kuma za su haifi na baɗi, jurewar tana bin jini. Tun a binciken da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a ƙasashe da dama a 1972 da 1973 aka fara ganin ƙwari masu jure fosfin. A Ostareliya, inda manoma ke adana alkama a manyan rumbunan ƙarfe a gonakinsu, an gano wani ƙwaro mai huda hatsi da jurewarsa ta yi tsanani a jihar Kwinslan a 1997, masanansu kuma sun ɗora laifin a kan turara rumbu mai yoyo, a sake, a kuma sake.

Aikin yana farawa tun kafin sabon hatsi ya shigo gida. Share rumbu ko sito tas, ka ƙone sharar, ka liƙe tsagar bango. Kada ka zuba na bana a kan ragowar na bara, kuma tsohon buhu sai an juya shi an shanya. Hatsin ya bushe sosai, danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In ba ka da ma'auni, zuba hatsin da busasshen gishiri a kwalba ka girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Daga nan ka duba ko ma kana bukatar maganin. A ganina mai buhu goma ko ashirin ba ya bukata. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka samo tushensa tare da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Su da kansu suke shanye iskar da ke ciki. Haka duro mai murfin roba ko jarka, in an cika maƙil an rufe gam. In buhun PICS ne, ka hura ledar ka danna tukuna don ka ga ko ta huje, ka ɗaure kowane baki daban, ka ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Jaraba ɗaya ce: buɗewa kullum don ɗibar na tuwo. Ware na ci daban.

Idan kayan sun yi yawa har sai an turara, to rufin shi ne komai. A jera buhunan a kan siminti marar tsaga ko leda mai kauri, a lulluɓe da tamfol na turare wanda ba ya fitar da iska, a danne gefensa kewaye da buhunan yashi ba tare da giɓi ba. Manoman Ostareliya har gwaji suke yi: su hura iska a sabon rumbu, idan ƙarfinta ya ragu da rabi kafin minti 5, rumbun bai ci jarrabawa ba. Yawan ƙwayar kuwa a bi abin da ke rubuce a gwangwani, a lissafa da girman wurin da aka rufe ko da bai cika ba. Rage ƙwaya don tsimi shi ne ainihin abin da ke horar da ƙwari. A sa ƙwayoyin a faranti ko takarda, a baza su kada su hau juna, kada kuma su taɓa hatsin, domin tokar da suke bari guba ce.

Sai haƙuri. Kwana 7 cur idan zafin hatsin ya haura digiri 25, kwana 10 idan yana tsakanin 15 da 25, kamar a tsakiyar hunturu. Ɗan kasuwar da ya yaye tamfol a kwana na uku don mota ta iso ya yi asarar kuɗin magani, ya kuma sayar da ƙwai masu rai.

Fosfin na kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro, kuma an sha rasa iyalai da suka kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa bom. Kada a turara a ɗakin kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da shi, ko kusa da garke. Kada ruwa ya taɓa ƙwayar, tana iya kamawa da wuta. Warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi alama ce ta yoyo, a bar wurin. Bayan buɗewa a bar kayan su sha iska kwana 5, a ƙara 2 kafin a ci ko a sayar, tokar kuma a binne ta nesa da rijiya.

Bayan mako uku zuwa huɗu ka tankaɗe mudu ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. In ka ga masu motsi alhali rufinka ya yi kyau kuma kwanakin sun cika, kada ka maimaita bom. Baza hatsin a kan baƙar leda, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ya gasu a ranar tsaka na awa biyu ko fiye, ka mayar da shi buhun PICS. Ƙwarin kuma ka zuba kaɗan a kwalba ka kai wa malamin gona, ko ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Kano.