Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kai Su Tsakiyar Teku Neman Igiyar Ruwa?

Tambaya: Na ga wani bidiyo a waya, mutum tsaye a kan allo, igiyar ruwa ta lanƙwaso ta rufe shi kamar kogo, bakin tekun kuma fayau, ba kowa sai wasu duwatsu biyu. An rubuta wai tsibirin Fernando de Noronha ne. Ai teku ko'ina da igiya. Me zai sa mutum ya tsallake gaɓar duniya duka ya tafi can? Ko dai haɗin kwamfuta ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ba haɗi ba ne. Duwatsun nan suna nan daram, mutanen wurin suna ce musu Dois Irmãos, wato 'yan'uwa biyu, bakin ruwan da ke kusa da su kuma sunansa Cacimba do Padre. Tsibirin na ƙasar Burazil ne, cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 350 daga gaɓar arewa maso gabashin ƙasar. Shi ne babba cikin tsibirai 21, mazaunansa kuma 3,000 ne da 'yan kai.

Inda zan ɗan saɓa maka shi ne batun ko'ina da igiya. Haka ne, amma ba kowane doki ake fita da shi hawan sallah ba. Igiyar da iskar wurin ta tayar gajera ce, a hargitse, tana karo da 'yar'uwarta kamar ruwan jarka a kurar mai garuwa. Wadda masu allo ke nema baƙuwa ce, daga nesa take tasowa.

Tsakanin Disamba da Maris, lokacin da hunturu ya lulluɓe mu da ƙura a nan, can arewacin Atilantika guguwa ce ke dukan teku kwana da kwanaki. Guguwar takan mutu a can, amma motsin da ta tayar sai ya kamo hanyar kudu. Ba ruwan ne ke tafiya ba. Ka ga yadda ake kaɗa zani, motsi ya tashi daga hannu ya kai bakin zanin, alhali zanin bai je ko'ina ba? To haka ne. A hanya ƙanana su gaji su ɓace, manya su jeru sahu-sahu. Shi ya sa masu wasan ba tsayi kaɗai suke dubawa ba, har daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata suke ƙirgawa. Idan 6 ne ko 7, 'yar gida ce, ba ta da ƙarfi. Idan ta kai 15, ta sha hanya, kuma irinta takan ci kusan kilomita 1,000 a kwana ɗaya. Ke nan igiyar da ka gani ta baro gida kwana huɗu ko biyar kafin mai kyamara ya ɗauke ta.

Sai zaman tsibirin. Shi ƙololuwar wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya taso daga zurfin wajen mita 4,000, don haka babu doguwar shimfiɗar ruwa marar zurfi da za ta rage wa baƙuwar ƙarfi. Da ƙarfinta take isowa. Da ta taɓa yashi sai ƙasanta ya rage gudu, samanta bai sani ba ya ci gaba, kamar mai gudu da ya yi tuntuɓe. Inda ƙasa ta hau a hankali, igiya takan ruguje ne ta zama kumfa. Inda ta hau farat ɗaya kuwa, sai leɓen igiyar ya wurgu gaba ya bar rami a ciki. Kogon da ka gani ke nan, su suna ce masa tubo.

Iska ma da nata hannu. Mutanen tsibirin sun raba tekunsu biyu, na ciki mai kallon Burazil, na waje mai kallonmu nan Afirka. Yawancin shekara iska daga kudu maso gabas take busowa. Cacimba tana ɓangaren ciki, saboda haka iskar takan ƙetaro tudu ta bugi igiya a fuska, ta tokare ta, ta goge ta sumul, ta jinkirta faɗuwarta. Da ta baya ta biyo ta, da ta ture ta tun ba ta miƙe ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yashin. A shahararrun wurare na Hawai da Indonesiya, dutse ko murjani ne a ƙasa, inda igiya ta karye bara nan za ta karye bana. Yashi kuwa ba shi da alkawari. Duk wanda ya san rafi ya san tudun yashin da ya bari kafin damina ba shi zai tarar bayanta ba. Don haka za ka ga mutum ya iso da asuba, allo a hammata, ya tsugunna yana goga masa kaki don kada ƙafa ta zame, idonsa na kan ruwa. Yana lura da inda igiya ke fara karyewa, da ko tana buɗewa gefe ɗaya, ko kuwa duk tsawonta take rufowa lokaci guda kamar an tura bango. Irin ta biyun ta karya alluna ba adadi a Cacimba. Kada kuma a ce yashi laushi gare shi, wanda igiya ta maka a kai ya san ba haka ba ne.

Fayau ɗin da ka gani kuwa, ba sa'a ba ce. A da, tsibirin ya daɗe yana gidan kurkuku. A 1988 aka mai da mafi yawansa gandun kare halittun teku, a 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Ana ƙayyade yawan baƙi, kowane baƙo kuma yana biyan harajin muhalli na kowace rana, ga tsadar kaya, tunda kusan komai jirgi ke kawowa. Duk da haka kada bidiyo ya ruɗe ka. Ranar da igiya ta yi kyau mutane sukan taru, 'yan gari ne kuma a gaba. Mai kyamara dai ya san lokacin da zai fito.

Kaɗaicin ma yana da kuɗinsa. Ruwan da igiya ta tara a gaɓa yakan haƙa wa kansa hanya tsakanin tudun yashi ya koma teku da gudu. Gwanaye ta nan suke bi su shiga teku a sauƙaƙe, baƙo kuwa in ta ja shi ya ce zai yi jayayya da ita, gajiya za ta ci shi. Gefe ake kurɗawa a fita. Asibitin tsibirin ƙarami ne, mai mummunan rauni sai jirgin sama ya kai shi Recife, fiye da kilomita 500. Ko mata masu ciki, kafin watan haihuwa ake tsallakar da su.

Bayan Maris guguwar arewa takan lafa, baƙuwa ta daina zuwa, masu nutso su karɓi wurin. In ka sake cin karo da bidiyon duwatsun nan biyu, ruwa kwance a gindinsu kamar tafki, kada ka ce wani wuri ne daban. Wannan na watan Agusta ne.