CUTAR ƘANJAMAU DA TOSHEWAR ƘANANAN HANYOYIN JINI

Kowa ya san cewa ƙwayar cutar ƙanjamau, watau HIV, tana karya garkuwar jiki. Amma akwai wata ɓarna da takan yi wa jini, wadda jama'a ba su cika sani ba, ga ta kuwa da saurin kisa.

Wace irin ƙwaya ce?

HIV tana cikin dangin ƙwayoyin cuta da masana ke kira ritirobairas. Halinsu shi ne, in sun shiga jiki sai su dasa asalinsu a cikin ƙwayoyin halittar mutum, su zauna har iyakar ransa. An gano ta a Faransa a 1983, aka ba da labarin ɓullarta a Nijeriya a 1986. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a ƙasar nan.

Yadda jini ke toshewa

A cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi masu suna falatilet, su ne ke tsayar da jini in an ji rauni. Akwai kuma wani sinadari mai hana su cunkushewa ba gaira ba dalili. HIV takan ruɗa garkuwar jiki har ta juya ta yaƙi wannan sinadari, takan kuma raunana bangon hanyoyin jini. Sa'an nan sai gudaji su toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya. Jajayen ƙwayoyin jini su farfashe wajen kutsawa, falatilet kuma su ƙare. Likitoci suna kiran wannan ciwo TTP. Tun 1924 wani likita a Amurka, Eli Moschcowitz, ya bayyana shi, amma sai a 1987 aka fara ba da rahotonsa ga masu HIV. Ya fi kama wanda bai fara shan magani ba, ko wanda ya fara ya bari.

Alamu

Zazzaɓi, kasala, fari ko rawayar ido, fitsari ja ko baƙi, ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, haɓo, ciwon kai, ruɗewa ko jijjiga. Haɗarin shi ne akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko shawara, a zauna gida ana jiƙe-jiƙe. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma sukan mutu. In an yi da wuri, yawanci sukan tashi.

Abin da ya kamata a yi

Lalle ne duk wanda aka ga alamun nan gare shi a kai shi asibiti a ranar. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga, domin jininsa ba zai tsaya da sauƙi ba. Maganinsa shi ne a sauya masa ko a ƙara masa ruwan jini, watau filasma, a kuma ɗora shi kan maganin ƙanjamau. Ruwan jinin nan daga masu ba da jini kyauta ake samunsa, saboda haka ana roƙon masu lafiya su taimaka.

Mutanen Minna, daga Bosso har Chanchaga, za su iya zuwa Babban Asibitin Minna a auna su. Tun 2006 gwamnati ke ba da maganin ƙanjamau kyauta. Wanda ya fara sha kada ya bari, ko da ya ji garau. Rigakafi ya fi magani.